Shin Wasa Yana Cika Manufofin Manhajar Nazare?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni shugabar wata ƙaramar makarantar nazare ce a cikin birnin Kano. Bara muka rage yawan rubutu a ajin 'yan shekara uku da huɗu, muka ƙara lokacin wasa da tatsuniya. Tun daga nan iyaye suke ƙorafi cewa 'ya'yan maƙwabtansu suna rubuta 1 zuwa 200, nasu kuwa sai wasan ƙasa, har wasu sun cire yaransu. Shin koyarwa ta hanyar wasa tana cika manufofin manhaja da gaske, ko dai mun kauce hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba ku kauce hanya ba, domin abin da kuka yi shi ne abin da tsarin ilimin Najeriya ya nema tun da daɗewa. Sai dai akwai sharaɗi guda wanda idan bai cika ba, ƙorafin iyayen yana da tushe, kuma shi zan fi tsayawa a kansa, saboda a shekarun da na yi ina horar da malaman ajin yara ƙanana a kwalejin ilimi, ina kuma bin ɗalibaina makarantu lokacin gwajin koyarwa, na ga ajin da wasa ya zama darasi, na kuma ga wanda ya zama hanyar da malama take samun hutu.

Bari mu fara da abin da ke rubuce. Tsarin Ilimi na Ƙasa, wanda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma yi masa gyara sau da dama, ya jera manufofi takwas na ilimin share fagen firamare a bugunsa na 2004. A cikinsu akwai sauƙaƙa wa yaro sauyin barin gida zuwa makaranta, da shirya shi don shiga firamare, da kula da shi yayin da iyayensa suke gona ko kasuwa ko ofis, da koya masa ladubban zama da mutane, da cusa masa son bincike da ƙirƙira ta hanyar lura da muhallinsa da zane da waƙa da kayan wasa, da koya masa haɗa kai da 'yan'uwansa, da saba masa da kyawawan ɗabi'u musamman na tsafta da kiwon lafiya. Ta takwas ita ce koya masa matakin farko na lambobi da haruffa da launuka da siffofi, kuma a wurin an rubuta ƙarara cewa ta hanyar wasa za a yi hakan. Wannan bugun ya ƙara da cewa wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, kuma malami ɗaya zai riƙe yara 25. Bugun 2013 ya shigar da shekara ɗaya ta share fage cikin ilimin bai-ɗaya, wadda ake yi kafin aji ɗaya, hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta Najeriya, wato NERDC, kuwa ita ce take tsara manhajar da ake bi.

Idan kika auna waɗannan manufofi za ki ga cewa ɗaya ce tak ta shafi lambobi da haruffa, ita ma matakin farko aka ce. Sauran bakwai ɗin ba abubuwa ne da ake rubutawa a allo yara su kwafa ba. Babu yadda za a yi yaro ya koyi jiran layi, ko raba kaya da wani, ko haƙuri idan an cinye shi, yana zaune shiru a kan benci yana kwafar lambobi. Makarantar da ta cika ranar yaro da rubutu ta ɗauki manufa ɗaya ta kumbura ta har ta danne bakwai, sannan ita kanta ɗayar ba lalle ne ta cika ta ba.

A nan ne nake so in daɗe kaɗan, domin maganar 1 zuwa 200 ita ce ta fi ruɗin iyaye. Jero lambobi da baki daban, ƙirga daban. Yaron da ya iya ƙirga yana bukatar abubuwa uku aƙalla: ya san lambobin a jere ba tare da tsallake ba, ya ba kowane abu lamba ɗaya tak yana taɓa shi, sannan ya gane cewa lambar da ya faɗa a ƙarshe ita ce yawan kayan gaba ɗaya. Hadda tana ba da na farko kawai. Kina iya gwada wannan gobe da safe ba tare da kashe ko sisi ba. Ki zuba murafan kwalba ashirin a gaban yaro ɗan shekara huɗu da ake cewa ya iya rubutu har 200, ki ce ya miƙo miki bakwai. Da yawa za su damƙo abin da hannunsu ya kama su ba ki, wasu kuma za su ƙirga bakinsu yana gaba yatsansu yana baya, su kai goma alhali sun taɓa shida. Bayan haka ki jera murafai biyar a sama da biyar a ƙasa daidai da juna, yaron ya yarda cewa yawansu ɗaya, sai ki baje na ƙasan a gaban idonsa ki tambaye shi wanne ya fi yawa. Masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, shi ya shahara da wannan gwaji, kuma yara da yawa masu waɗannan shekaru za su ce layin da ya fi tsawo shi ya fi yawa. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, matakin da tunaninsu yake ke nan, kuma abin da ke ciyar da shi gaba shi ne yawan taɓa kaya da rabawa da tarawa da kwatantawa. Yaron da bai tabbatar da ma'anar biyar ba, rubuta 157 a wurinsa zane ne kawai, kamar yadda ni zan iya kwafar rubutun Sinanci da kyau ba tare da na san abin da na rubuta ba. Illar ba ta fitowa sai a aji biyu ko uku na firamare, lokacin da aka zo ɗebewa da aro, inda za a ga yaron da ake yabo a nazare ya tsaya cik.

Ya kamata a yi wa iyaye adalci a nan. Yawancinmu da makarantar allo muka buɗe ido, inda hadda take da daraja, kuma darajar a wurinta take, domin Alƙur'ani nassi ne da ake kiyaye lafazinsa ba ƙari ba ragi, kunnen yaro kuwa yana da saurin ɗauka. To amma ko a can ɗin, idan aka zo karatun allo, malam ba ya tsallake mataki, sai yaro ya yi babbaƙu, ya yi farfaru, sannan ya kai ga zube. Abin da wasu makarantun nazare suke yi shi ne ɗora yaro a kan zube tun bai san babbaƙu ba, kuma a fannin da ganewa ce kan gaba. Idan kika yi wa uba bayani da wannan misali, zai fi saurin fahimta fiye da a ce masa ai haka ake yi a Turai.

Yanzu ga sharaɗin. Kalmar wasa tana ɗauke da abubuwa aƙalla uku a harkar koyarwa. Akwai wasan da yaro yake zaɓa da kansa ya gudanar da kansa, babba yana gefe yana tsaron lafiyarsa kawai. Akwai wasa mai doka, irin su 'yar gala-gala da langa da dara. Sannan akwai wasan da malama take shirya wurinsa da kayansa da wata manufa a ranta, ta bar yaro ya jagoranci abin, ita kuma tana shiga da tambaya a lokacin da ya dace. Dukkansu suna da gurbi a ranar yaro, amma na ukun shi ne gadar da ke haɗa wasa da manhaja, kuma shi ne ya fi wuya, shi ya sa ya fi ƙaranci a makarantunmu.

A 2022 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun tattara bincike 39 da aka yi a kan irin wannan wasa mai jagora, suka kwatanta sakamakonsa da na koyarwa kai tsaye. Sun samu cewa ya fi amfani wajen lissafin farko, da sanin siffofi, da iya sauya tunani daga wani aiki zuwa wani. A ɓangaren karatu da rubutu kuwa ba su ga ya fi koyarwa kai tsaye ba. Ina ambaton wannan ɓangare na biyu da gangan, saboda masu tallar koyarwa ta wasa sukan ɓoye shi. Akwai kuma wani gwaji da Elizabeth Bonawitz da abokan aikinta suka yi a Amurka, suka wallafa a 2011, wanda nake yawan ba ɗalibaina labarinsa. Sun ƙera wani abin wasa mai bututai wanda yake yin abubuwa huɗu a ɓoye, ciki har da ƙara da haske. Wasu yaran an ce musu ga yadda abin yake aiki, aka ja bututu ɗaya ya yi ƙara. Wasu kuma mai gudanar da gwajin ta yi kamar bisa kuskure ta ja bututun, ta nuna mamaki, ta bar musu abin. Yaran da aka koya wa kai tsaye sun fi tsayawa a kan ƙarar nan kaɗai, sun kuma gano abubuwa kaɗan, ɗaya rukunin kuwa ya daɗe yana lalube ya gano fiye da haka. Yaro yana ɗauka cewa abin da malama ta nuna shi ne iyakar abin da ke akwai, don haka duk lokacin da malama ta yi saurin ba da amsa, ta rufe wata ƙofa ba tare da ta sani ba.

Ga yadda abin yake a aikace. A ce manufar makon ita ce yara su gane yawan abubuwa daga ɗaya zuwa biyar. Malama za ta kafa 'yar kasuwa a kusurwar aji da gwangwanayen madara da kwalayen ashana da babu komai a ciki, murafan kwalba su zama kuɗi, kowane kaya da farashinsa daga ɗaya zuwa biyar. Yara su raba kansu, wannan mai shago, wannan mai saye. Aikin malama shi ne ta zo a matsayin mai ciniki ta ce tana son gwangwani uku, ta kuma miƙa kuɗin da bai cika ba ta gani ko mai shagon zai lura. Idan ya lura sai ta tambaye shi saura nawa. Idan bai lura ba sai ta ce su ƙirga tare, ta kuma rubuta a littafinta cewa wane bai riƙe huɗu ba tukuna. A cikin minti ashirin an taɓa lissafi, an taɓa gaisuwa da ladabin magana, an taɓa jiran layi, kuma an yi jarrabawa ba tare da yaron ya san an yi ba. Amma idan malama ta zuba kayan nan ta koma kujera tana duba waya, yara za su yi wasa su ji daɗi, hakan ma ba asara ba ce, sai dai babu wanda zai iya cewa an cika manufar makon. Gwajin da nake yi wa kowace ɗalibata ɗaya ne: in tsaya a bakin ƙofa in tambaye ta mene ne take so yaran nan su iya a ƙarshen wasan, kuma ta yaya za ta gane sun iya. Wadda ta amsa da cewa ai lokacin wasa ne, ba ta shirya darasi ba.

Ba ma bukatar jiran kaya daga waje, domin gidajenmu cike suke da abin da manhaja take nema. Carafke tana horar da ido da yatsu tare, tana kuma sa yarinya ta ɗebi tsakuwa ɗai-ɗai, sannan bibbiyu, sannan uku-uku, wanda shi ne asalin tarawa rukuni-rukuni. 'Yar gala-gala da langa suna gina daidaiton jiki da bin doka. Gaɗa tana koyar da amo da jiran zagaye. Ginin ƙasa da ƙera motar kara da zura igiya a cikin duwatsun ado suna ƙarfafa ƙananan jijiyoyin yatsu, waɗanda sai sun yi ƙwari yaro yake iya riƙe fensir ba tare da ya gaji ya tsani rubutu ba. Tatsuniya kuwa, daga "ga ta nan, ga ta nanku" har zuwa "ƙurunƙus", darasi ce ta sauraro da jerin aukuwa da sababbin kalmomi, musamman idan malama ta tsaya a tsakiya ta tambayi yara abin da suke zaton Gizo zai yi, ko ta ba su dama su kwaikwayi labarin bayan ta gama. Kacici-kacici irin su "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" yana tilasta wa yaro ya kwatanta abu da wani abu kafin ya kai ga tsintsiya. Abin takaici ne a ga makaranta ta kori waɗannan duka ta sayo fosta mai hoton tuffa da dusar ƙanƙara, abubuwan da yaron bai taɓa riƙewa ba.

Tarihin wannan hanya ba sabo ba ne. Friedrich Froebel ya buɗe makarantarsa ta yara ƙanana a Jamus a 1837, a 1840 ya raɗa mata sunan da ke nufin lambun yara, Maria Montessori kuma ta buɗe gidan yaranta na farko a 1907 a wata unguwar talakawa ta birnin Rum. Hujjar da aka fi kafawa ita ce ta shirin Perry, wani shirin share fagen firamare wanda David Weikart ya jagoranta a jihar Mishigan ta Amurka daga 1962 zuwa 1967. An ɗauki yara 123 'ya'yan talakawa, 58 suka shiga shirin, 65 ba su shiga ba, aka ci gaba da bibiyar rayuwarsu. Da suka kai shekara 40, kashi 77 cikin ɗari na waɗanda suka shiga sun kammala sakandare, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 60. Manhajar da ta fito daga wannan shiri an gina ta ne a kan yaro ya faɗi abin da zai yi, ya je ya yi, sannan ya dawo ya ba da labarin abin da ya yi. Sai dai a lura da cewa malamai ƙwararru ne suka gudanar da shi, kowane da yara biyar ko shida, suna kuma ziyartar gidajen yaran kowane mako. Duk wanda ya kawo miki waɗannan alƙaluma a matsayin alkawarin abin da zai faru a aji mai yara sittin da malama ɗaya, bai gaya miki gaskiya duka ba. Abin da za a iya ɗauka daga ciki, kuma ba ya cin kuɗi, shi ne wancan tsari na niyya da aiki da waiwaye.

Game da haruffa, ra'ayina shi ne kada a bar su ga wasa zalla. Alaƙar harafi da sautinsa abu ne da mutane suka ƙirƙira, yaro ba zai gano shi da lalube ba, dole sai an nuna masa. Abin da ake bukata ga 'yan shekara biyar shi ne darasi gajere, na minti goma zuwa sha biyar, a kan sauti ɗaya ko biyu, sannan a bi shi da wasan neman abubuwan da sunansu ya fara da wannan sauti, ko rubuta harafin da yatsa a cikin rairayi. Ga 'yan shekara uku kuwa, waƙa da hira da tatsuniya da zane sun wadatar. Hausa tana da sauƙi a nan, domin kusan yadda ake furta ta haka ake rubuta ta, yaron da ya san ba, bi, bu zai haɗa baba da kansa, ya kuma san abin da ya karanta. Bugun 2004 ɗin nan ya ce harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin shi ne zai zama babban harshen koyarwa a wannan mataki, kuma ko mene ne ra'ayin mutum game da Turanci, wasa ba ya yiwuwa a harshen da yaro ba ya iya gardama da shi. Ajin da aka hana Hausa gaba ɗaya yakan yi tsit, shirun kuwa ba alamar koyo ba ne. Tsoron cewa yaro zai makara ma ba shi da ƙarfi sosai. A Finlan yara suna shiga firamare ne a shekarar da suka cika bakwai, bayan shekara ɗaya ta share fage wadda ta zama tilas a 2015. A Niyuzilan, Sebastian Suggate ya kwatanta yaran da aka fara koya wa karatu suna shekara biyar da waɗanda aka fara suna bakwai, ya samu cewa zuwa wajen shekara 11 na bayan sun kamo na gaban. Yanayinmu ya bambanta da nasu, musamman ta fuskar littattafai a gida, don haka ban ce a jinkirta karatu zuwa shekara bakwai ba, na dai ce shekara uku ba lokacin cika littafi da rubutu ba ne.

Matsalar yawan yara gaskiya ce. Idan ajinki ya haura 25, ki raba shi rukuni huɗu, uku suna wasan da suka saba da shi wanda ba ya bukatar jagora, malama tana zaune da na huɗu, bayan kwata ɗaya na awa a juya. Wannan yana bukatar mataimakiya, kuma a ganina albashin mataimakiya ya fi sayen lilo mai tsada amfani. Makonni biyu na farko za a sha hayaniya kafin yara su saba da dokar kowace kusurwa.

Saura maganar iyaye, wadda ita ce ta sa kika rubuto. Uban da ya biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin ganin shaida, kuma littafi cike da jan biro shi ne shaidar da ya saba gani, don haka idan kin ɗauke masa wannan sai kin ba shi wata. Ki sa kowace malama ta buɗe wa kowane yaro fayil, a riƙa saka zanensa na farkon zango da na ƙarshe, da 'yar takarda mai kwanan wata da ke cewa a ranar kaza ya ƙirga kaya shida daidai, a ranar kaza ya maimaita tatsuniya daga farko zuwa ƙarshe, a ranar kaza ya wanke hannu kafin cin abinci ba tare da an tuna masa ba. Katin sakamako ya bi manufofin manhajar ɗaya bayan ɗaya, a maimakon na ɗaya da na biyu a aji. Sannan sau ɗaya a zango ki gayyaci iyaye su zauna a bayan aji na rabin awa, ki karanta musu manufofin nan takwas da Hausa, ki kuma ba kowane uba murafan kwalba ashirin ya tafi da su gida ya gwada ɗansa da kansa, ya ce masa ya miƙo bakwai.